Tokar Ɓuntu, Koren Gishiri da Rijiyar Alhaji Umaru

Jiya da na shigo na ji ɗayanku yana cewa aikin Malam Garba ai damun fura ne: a zuba gari, a zuba ruwa, a juya, a tura cikin wuta. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi. To ku jawo kujeru ku zauna, tanderun nan ba yanzu zai huce ba. Bari in ba ku labarin yadda na koyi aikin, da yadda garin nan da kuka raina ya kusa sa a kore mu daga ɗakin nan.

Ni mutumin Ruwan Gizo ne. Lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori ina saurayi, ina taya mahaifina noma. Manyan motoci suna ta kai da komo da ƙasa da duwatsu, kowane saurayi burinsa a ɗauke shi tuƙi. Ni da na je neman aiki sai aka ga ina iya karatu da rubutu, aka tura ni ɗakin da ake gwada ƙasar gonaki da ruwan kanal, a hannun wani dattijo mutumin Dosara, Malam Hassan.

Aikin farko da ya ba ni wankin kwalabe ne. Na wanke guda ɗaya har tana ƙyalli, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya zuba mata tataccen ruwa, irin wanda kuka sani da ruwan batir, ya kife ta, ya ɗaga ta wajen taga.

Ya ce, "Garba, taho ka gani. Wanga ɗigo da ya maƙale, mi ya riƙe shi?"

Na ce, "Baba, ai ruwa ne."

Ya ce, "Maiƙo na, maiƙon hannunka. Kwalba in ta wanku, ruwa shimfiɗe shika sauka, ba shi barin ɗigo. Koma."

Damina guda ina wankin kwalabe kafin ya bar ni in taɓa sikeli. Ranar da ya buɗe mini ƙofar gilashin sikelin, na sunkuya ina kallo, sai na ga lambobin suna rawa. Ya ja ni baya da wuyan riga, ya ce numfashina ne yake motsa su. Tun daga ranar na san akwai awon da mudu da tiya ba su san da shi ba. Shi ne kuma ya koya mini in rubuta abin da na auna nan take, ina tsaye, kafin in amsa ko sallama. Littattafan da kuke gani jere a kan kantar can, tarbiyyarsa ce.

Da aikin gwaji ya ja baya a wajen dam, na dawo makarantar nan ta Talata Mafara. Shekaru na yi ina shirya wa ɗalibai kayan gwaji, in haɗa, su ɓata, in wanke. Sai ga Dakta Rabi, 'yar Maradun, ta dawo daga ƙaro karatu. Ranar da ta fara shigowa ɗakin nan, bayan mun gaisa, ta tambayi iyali da mutanen Ruwan Gizo, sai ta ɗora wani ƙullin leda a kan tebur. Na kwance, na ga ɓuntun shinkafa.

Ta ce, "Malam Garba, ka san iskar kabon?"

Na ce, "Na san ta, Dakta. Wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ke cikin hayaƙi, wadda ke kumfa a lemon kwalba."

Ta ce, "To ita nake so mu mayar gas ɗin girki."

Na dube ta, na dubi ɓuntun. Ta yi dariya ta yi mini bayani. Iskar kabon ba ta cin wuta. Amma in aka haɗa ta da wata iska mai suna haidurojin, sai su zama gas ɗin girki da ruwa. Matsalar ita ce su biyun ba sa haɗuwa don kansu, ko shekara za su yi a tukunya ɗaya. Sai an sa musu wani gari a tsakani, shi ake kira katalis. Ta ce in ɗauke shi kamar dillali a karar shanu: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki a watse, shi yana nan tsaye yana jiran na gaba. Garin kuwa tsatsa ce. Yadda baƙin ƙarfe ke yin jar tsatsa, haka wani ƙarfe mai suna nikel yake da tasa, ita muke so. Ɓuntun kuma tokarsa za mu yi, ta zama shimfiɗar da tsatsar za ta bazu a kai. A ranar ban iya cin abincin rana ba don ɗoki.

Tokar farko da na ƙona baƙa ta fito, kamar gawayi. Ɓuntun daga injin casar shinkafa na bakin kasuwa na ɗebo shi, inda yake tsibi guda ana neman mai kwashewa. Masu injin har suna tsokanata wai ko kiwon jakuna na fara. Na wanke shi, na jiƙa shi a ruwan asid mai rauni, na ɗauraye har ya daina tsami, na shanya. Kuskurena shi ne na cika kasko taf don in gama da wuri, iska ba ta ratsa ba. Na biyu na shimfiɗa shi sama-sama, amma na ƙara wuta fiye da kima, sai tokar ta dunƙule tana ƙaras-ƙaras kamar yashi. Dakta ta murza ta a yatsa ta ce wannan ƙofofinta sun toshe, ba abin da zai shiga. Sai a karo na bakwai na buɗe tanderu na ga abu fari fat, mara nauyi, in ka yi tari kusa da shi ya tashi. Zafi wajen digiri ɗari shida, ba gaggawa, kasko ba a cika ba. Na ɗauka da hannu biyu na bi baranda ina kiran Dakta, har masu shara suka tsaya suna kallona.

Jiƙa tokar shi ne wurin da kuke cewa damun fura. Gishirin nikel kore ne shar, kyakkyawa, amma ba a taɓa shi da hannu tsirara, ba a kuma shaƙar ƙurarsa. Za ka narkar da shi a ruwa daidai gwargwadon abin da tokar za ta shanye, ba ƙari ko ɗigo. Sai ka riƙa ɗigawa kana juyawa, kamar mace tana yayyafa wa tsakin dambu ruwa. In ka yi sauri ya yi caɓi, gishirin ya taru wuri guda, wani gefen kore, wani gefen fari. In ya yi daidai, duk garin sai ya zama launi ɗaya, ka dunƙula ya kama, ka taɓa ya wargaje. Hannu ne ke gane wannan, ba littafi ba. Daga nan a busar, a mayar tanderu. A nan ne wani jan hayaƙi ke tashi, wanda in ya shiga ƙirjin mutum sai asibiti. Shi ya sa nake yi muku tsawa in kun kashe fankar zuƙe hayaƙi don tana damunku da ƙara. In an fito da shi koren ya tafi, ya koma ruwan toka mai duhu. Tsatsar nikel ke nan. A danne shi ya zama ƙwaya, a farfasa, a tankaɗe, a ɗebi mai girman gero.

Ranar gwajin farko ba zan manta da ita ba. Mun ɗura garin cikin bututu, mun toshe bakinsa biyu da audugar gilas. Na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu ina neman kumfa, don haidurojin ba ta da wari, ba ta da launi, in ta sulale ta samu tartsatsi sai dai a ji ƙara. Muka fara tura haidurojin ita kaɗai cikin zafi har garin ya koma baƙi ƙirin, alamar ya farka ke nan. Muka rage wuta, muka jira allurar ma'aunin zafi ta tsaya cak. Sannan Dakta ta ce, "Bismillah, Malam Garba, buɗe kabon."

Na murɗa famfon. Shiru. Sai allura ta motsa. Ba wanda ya ƙara wuta, amma tana hawa, tana hawa. Dakta ta dafa tebur ta ce, "Yana ci! Wallahi yana ci!" Haɗuwar iskokin biyu ita ke haifar da zafin. Can sai ga gumi a jikin kwalbar da muka nutsa cikin ƙanƙara a ƙarshen bututun, gumin ya taru ya zama ɗigo, ya gangara. Ruwa daga iska, a gaban idona! Muna da wata shaidar kuma. Ina karɓo ragowar kabayid a wurin masu walda, in jiƙa, in tace, ya ba ni ruwa garau. In iskar kabon ta ratsa shi sai ya yi fari kamar tsala. Iskar da ke shiga bututun nan da nan take farar da shi, wadda ke fitowa kuwa sai ta daɗe tana kumfa kafin ya ɗan yi hazo. Na yi ta zagaya tebur ina kabbara, na rasa inda zan sa hannuna.

Daga nan masu nema suka fara zuwa. Ɗalibai masu aikin kammala karatu, malamai daga Gusau da Sakkwato, kowa da irin tsatsar da yake so, wani ta jan ƙarfe, wani ta tutiya, wani ya ce a haɗa masa biyu. Akwai wanda ya zo da sassafe yana so kafin la'asar. Na nuna masa tanderu na ce ya roƙe shi da kansa. Akwai wadda ta ajiye nata a buɗe cikin damina ya sha danshi, ta dawo tana cewa garina ne ba shi da kyau. Na buɗe littafi na nuna mata ranar da na ba ta da yadda na ce ta rufe shi. Amma duk cikinsu ba wanda ya kai Alhaji Umaru.

Alhaji Umaru babban mahauci ne a Bakura. An gina masa rijiyar gas a bayan mayanka, ana zuba kashin shanu, gas na fitowa, da shi ake babbake kai da ƙafa. Kukansa ɗaya, wutar ba ta da ƙarfi. Dakta ta ce dalili shi ne gas ɗin rijiya cakuɗe yake da iskar kabon mai yawa, ita ke raunana shi. Ta ce ga kabon a banza kusa da mu, me zai sa mu riƙa jiran tukunyar kabon da muke saye daga Kaduna? In garinmu ya iya juya kabon ɗin da ke cikin gas ɗin rijiya, aikin ya fita daga ɗakin gwaji ya doshi mutane. Muka je muka same shi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya kawo balangu, ya saurare ta har ta gama.

Ya ce, "Ranki shi daɗe, ni ban gane duka ba. Amma in iska kuka so, ga ta nan, ku ɗiba har ku gaji."

Da tiyub ɗin tayar tarakta nake ɗebo ta. In cika shi ya kumbura, in ɗaure a bayan babur, in kamo hanyar Mafara mutane suna nuna ni. Dakta ta san gas ɗin rijiya yana ɗauke da farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ita ce ajalin nikel. Don haka ta sayo wata matata ta kanti, muka sa a gaban bututu. Watannin farko abin ya tafi daidai, har muka fara maganar yadda za a samu haidurojin daga ruwa da hasken rana.

Sai mummunar shekarar ta zo. Bayan babbar salla na ɗura sabon gari, allura ta hau kamar kullum, kafin azahar ta dawo ƙasa. Ɗigo ya tsaya. Na ce ko ni na yi kuskure, na sake wani. Shi ma kafin azahar ya mutu. Na uku haka. Na zargi ɓuntu, na ce ko sabon irin shinkafar da aka shuka a fadamar Bakolori ne, na je har Maradun na samo na tsohon iri. Ya mutu. Dakta ta zargi tanderu, aka kira mai gyara ya duba, lafiyarsa ƙalau. Muka canza ruwa, muka canza kasko, na sake wanke duk kwalaben ɗakin nan. Matatar kuwa ba mu kawo ta a rai ba, don takardarta ta ce tana shekara biyu, ba ta kuma yi rabin haka ba. Gishirin nikel yana ta raguwa a kwalba har ana ganin gindinta, ga shi ba a samunsa a nan kusa.

Ana cikin haka takarda ta fito daga ofis. Ana neman ɗakin da za a mayar sito, an kuma ce namu ya fi dacewa tunda aikin ya tsaya. Za a turo kwamiti ya duba, in ba abin nunawa a kwashe kayanmu. Dakta ta karanta, ta ninke, ta ce, "Saura na gwaji nawa a kwalbar?"

Na ce, "Biyu, in na yi tsimi."

Ta ce, "To kada ka taɓa shi sai mun san abin da ke kashe mana gari."

Washegari na tafi Bakura ba don ɗiba ba, don in zauna in kalli rijiyar kawai. Na tarar da Alhaji Umaru yana faɗa da hannunsa, yana goga zobensa a jikin riga.

Ya ce, "Malam Garba, dubi wanga abu. Zoben azurfa na gado, kullum in na wanke shi da toka, in na yini nan sai shi koma baƙi awa gawayi. Da can ba shi yin haka."

Na matso na duba zoben. Farar wuta ce ke baƙanta azurfa, tun a ɗakin gwajin dam na san wannan. Na ce, "Alhaji, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun layya."

Na ce, "Me ya canza a rijiyar tun layya?"

Ya ce, "Ba komi. Sai dai da yanka ya yi yawa na ce a riƙa tura jini da toroso ciki, kada su ɓata wuri. Kuma gas ya ƙaru, mun ji daɗi."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Jini ya fi kashin shanu farar wuta nesa ba kusa ba. Na ce, "Alhaji, don Allah ara mini zoben nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Zoben tsohona? Mi za ka yi da shi?"

Na ce, "Shaida zai ba mu. Da mun gama in dawo maka da shi."

Ya zare ya ba ni, ya ce in ya ɓace kada in sake biyowa ta Bakura.

Na cika tiyub na taho, ban san gudun da na yi ba. Na goge zoben da tokar ɓuntu har ya yi fari, muka sa shi cikin kwalba a bayan matatar, muka tura gas. Kafin mu idar da sallar la'asar ya fara yin ja, kafin a tashi aiki ya yi baƙi. Matatar ta cika tun tuni, farar wuta tana wucewa abinta. Dakta ta zauna a kan kujera tana dariya tana girgiza kai, ta ce wata huɗu muna neman ɓarawo a cikin ɗaki, ashe ta ƙofar da muka sa wa kwaɗo yake shigowa.

Sabuwar matata ba za ta iso kafin kwamiti ba. Dakta ta ce ai maganin tsatsa ce ita ma, jar tsatsa ta baƙin ƙarfe, tana kama farar wuta ta riƙe. Na je garejin da ake gyaran injinan ban ruwa, na share garin ƙarfen da ke zuba ƙarƙashin injin fiƙe, buhu guda. Na wanke masa baƙin mai da sabulu, na cakuɗa da ɓuntu don iska ta samu hanya, na shimfiɗa a inuwa ina yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana shida ya yi jawur. Muka ɗura a bututun roba mai tsawon hannu, muka sake goge zoben, muka sake gwadawa. Yini guda gas na bi ta kansa, yana nan fari. Da na mayar wa Alhaji zobensa, har da irin bututun na haɗa masa a bakin rijiya. Matan da ke wankin kayan ciki su suka fara yi mini godiya, don warin da ke sa su ciwon kai ya ɗauke.

Sannan na auna rabin gishirin da ya rage. Ban taɓa jiƙa toka a hankali kamar ranar ba.

Ranar kwamiti mutum biyar suka zo, shugabansu wani dattijon farfesa da aka gayyato daga Sakkwato, mai sanda, ba ya murmushi. Alhaji Umaru ma ya zo da babbar riga ba wanda ya gayyace shi, ya tsaya a bakin ƙofa. Tun safe garin yake aiki da gas ɗin rijiyarsa, an wuce azahar allura tana sama, ruwa ya taru a kwalba. Dakta ta yi bayani. Farfesa ya saurara, sannan ya nuna allurar da sandarsa.

Ya ce, "Dakta, wa ya tabbatar mini ba tanderunku ne ke wasa da zafin nan ba?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga famfon gas ɗin nan kusa da hannunka. Rufe shi da kanka."

Ya jingine sanda ya rufe. Muka zuba wa ma'aunin ido. Allura ta fara sauka a hankali har ta tsaya. Ya buɗe. Ta ɗan yi jim, sannan ta kama hawa. Daga bakin ƙofa Alhaji Umaru ya ce da ƙarfi, "Iskar shanuna ta hwa!" Duk ɗakin aka fashe da dariya, ban da Farfesa. Shi ya sake rufewa, ya sake buɗewa, ya sunkuya har gilashin idonsa na taɓa ma'aunin. Ya tambaye ni zafin da na ƙona ɓuntun, na faɗa masa. Ya tambayi inda na samo jar tsatsar, na faɗa masa. Ya ce in kawo littafina, ya buɗe yana bin gwaje-gwajen da suka mutu ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Sakataren kwamiti ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, abinci na jira a ofis, ga kuma maganar sito ba mu tattauna ba."

Farfesa bai ɗago ba. Ya ce, "Ku nemi wani ɗakin ku zuba tsofaffin kujerunku. Ku je ku ci abincin, ni ina nan." Ya jawo kujerata ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya sake kai hannu kan famfon. Ya ce, "Malam Garba, matso. In na buɗe rabi kawai, me allurar za ta yi?"